Kafin Ka Koma Kan Ƙanƙara, Idrisu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Idrisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka lafiya inda ka nufa, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin abokin tafiya. Ummarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Na ce wa Ummarka ta sa takardar nan a aljihun rigar sanyinka, don na san ba za ka taɓa rigar ba sai jirgi ya sauke ka Kanada. Da Hausa na rubuta, da baƙaƙen Larabci irin waɗanda Baffanka Isa ya koya maka. Na san Hausarka ta yi nauyi, kana ji fiye da yadda kake mayarwa, to ka bi ta a hankali. Ina da dalili. Baturen nan da ka zo da shi, Mista Rolan, ya tsinci Larabci kaɗan a otal, kuma na lura da yadda idonsa ke bin duk takardar da aka ajiye a gabansa. Hausa dai na san ta fi ƙarfinsa.

Tun kana ɗan shekara bakwai ka bar Jidda, ka girma a hannun Baffanka a Kanada. Bana ka dawo mana namiji, kafaɗarka ta cika ƙofar gida, tare da wannan mutum da ya ce wata ƙungiya ta babban birni za ta ɗauke ka, wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara ya zama sana'arka. Duk zaman da ka yi, ban samu na yi magana da kai yadda nake so ba. In na buɗe baki sai in ga mutumin ya shigo da murmushinsa. Ni ban san wasanku ba. Ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake saya a nannaɗe cikin buhu a sa a randa. Amma na san masu ƙungiya, na san 'yan kallo, na san abin da ake yi da saurayi mai ƙarfi. Waɗannan ko a rairayi ko a ƙanƙara halinsu ɗaya.

Ka tuna ranar da Rolan ya kafa majigi a tsakar gidanmu bayan magariba, muka rataya farin zanen gado a bango, rabin unguwarmu ta Ruwais suka taru? Na ga mutane kamar an cusa musu katifa a kafaɗa, suna gudu a kan takalma masu kaifi a ƙasa, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna korar wani ɗan baƙin faifai da idona ya kasa bi. Yara suna ta sowa. Ni kuwa kai nake jira. Duk inda aka nuno ka, sai in ga ka yar da sanda, ka tuɓe safar hannu, ka cakumi wuyan wani. Na ce ka tambaye shi ina wurin da ka ci ƙwallo. Ka tambaye shi da Turanci. Ya yi dariya, ya yi magana mai tsawo har da nuna dunƙulen hannu, kai kuma ka juyo ka ce, "Baba, ya ce fim ne ya ƙare musu a ranar."

Maganarsa ta fi fassararka tsawo, ya waladi, ɗana. Ba na jin Turanci, amma na yi shekaru a tashar jiragen ruwa ina kallon tafinta, na san fuskar mai rage zance. Da safe kuma Ummarka ta tarar da haƙoranka na gaba, na roba, a cikin kofin ruwa. Ba ta gaya maka ba, amma a kicin ta zauna ta yi kukanta ta share ido kafin ta kawo maka shayi. Tun daga ranar na ce da walakin, goro a miya.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa ɗayanku ba. Kun san na yi ƙwallon ƙafa, kun san a nan na samu ɗingishi. Ba ku san sauran ba.

Lokacin ina saurayi ina dako a bakin ruwa, da la'asar mu tafi filin rairayi mu yi ƙwallo. A gaba nake bugawa, ƙafata ta hagu tana da kyau, kuma ba abin da nake so a duniya kamar in ga ƙwallo ta wuce mai tsaron gida. Sai wani ɗan kasuwa mai shigo da katako, Sidi Fu'ad, ya kafa ƙungiya ya kira ni. Ya sai mini takalma, ya sa aka ɗinka mini riga mai lamba. Ranar farko ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan jiki ba na gaba ba ne. Koma baya ka zama katanga." Na koma. Duk sa'ad da na ture wani ya faɗi, sai 'yan kallo su ɗauki kirari: Shakush, Shakush, wato guduma. Ban ɓoye maka ba, na ji daɗin sunan. A kasuwa ana nuna ni, mai wake da burodi ya ƙi karɓar komai a hannuna. Ban ankara ba na daina neman ƙwallo, na koma neman ƙafar mutane, don ita ce ke kawo kirarin.

Akwai wani yaro a ƙungiyar wata unguwa, Sa'idu. Ɗan Hausawa ne irinmu, kakanninsa da ƙafa suka zo aikin Hajji kamar nawa. Siriri, gudu kamar barewa. Aikinsa a ƙananan jiragen da ke ɗauko alhazai daga manyan jirage zuwa gaɓa, hawa da sauka a tsanin igiya duk yini. Ana gobe za mu kara da su, Sidi Fu'ad ya kira ni cikin motarsa, ya buɗe mini lemo mai sanyi da hannunsa.

Ya ce, "Musa, yaron nan Sa'idu ƙafafunsa biyu sun yi masa yawa."

Na ce, "Me kake so in yi, Sidi?"

Ya ce, "Ni? Ba na son komai. Kai ne Shakush."

Washegari, ba a daɗe da farawa ba, Sa'idu ya taho da ƙwallo ta gefena. Zan iya ƙwace ta, wallahi zan iya. Na bar ta ta wuce, na shiga da ƙafa biyu. Ƙarar da na ji kamar an taka busasshen kara. 'Yan kallonmu suna ta kirari, shi kuma yana kwance bai ko yi kuka ba, yana kallona da mamaki.

Ƙafar ba ta haɗu daidai ba. Ya bar aikin jirgi, don gurgu ba ya hawa tsanin igiya. Da magana ta yi yawa a gari, na je wurin Sidi Fu'ad ko zai taimaka wa yaron. Ya ce, "Ni na ce ka karya shi? Wa ya ji?" Kuma gaskiyarsa, ba wanda ya ji, ni ma ban ji ba.

Dattijon nan mai sayar da asuwaki a ƙofar masallacin Juma'a, wanda na sa ka durƙusa ka gaishe shi kana mamakin dalili, shi ne Sa'idu. Sai da na yi furfura na iya tsayawa gabansa na nemi gafara. Ya ce, "Na yafe tun tuni, Musa. Abu guda dai nake so in sani. Na taɓa yi maka wani laifi?" Na ce a'a. Ya ce, "Da ma na yi maka. Da na san dalilin ɗingishina."

To ka ji. Kafin ka sa rigarsu, ka tsaya gaban mai horar da ku, ba gaban Rolan ba, ka tambaye shi da bakinka: don me kuka ɗauke ni? In don wasa ne, madalla. In ya fara kewaye-kewaye yana yabon kafaɗarka, ka san amsa. Mai sa a yi ɓarna ba ya faɗa a fili. Zai dafa ka, ya ambaci sunan wani, ya yi shiru. Ranar da abu ya lalace hannunsa fes, kai ne za ka kwana da fuskar mutumin har tsufanka. Na ji ka ce a wasanku faɗa al'ada ce, alƙali ma tsayawa yake ya yi kallo. Tayyib, na ji. In an taɓa ka ka kare kanka, ban haifi rago ba. Amma kada ka ɗaga hannu a kan wanda bai yi maka komai ba don wani mai kwat ya gyaɗa kai. Kuma ka kula da sunan da za su laƙaba maka. Na ji Rolan yana ce maka Edi, wannan da sauƙi. Wanda 'yan kallo za su ba ka shi nake tsoro, don mutum yakan bi sunansa kamar akuya da igiya.

Wannan ya kawo ni ga maganar raƙumi. Mu mutanen bakin ruwa ne. Kakanka ɗan dako ne, ni ina kula da sito a tashar jirage, kai a Ruwais aka haife ka kana jin ƙahon jirgi. Ba wanda ya taɓa mallakar raƙumi a zuriyarmu. Amma Rolan ya kwashe mu har bayan Khumra, can wajen gari, ya yi hayar raƙumi, ya sa ka cikin farar riga da rawani, ya miƙa maka sandar wasanka, ya ce ka ɗaure fuska. Da ka yi dariya don raƙumin ya kai maka cizo, sai ya ce a sake ɗauka. Ban ce komai ba a ranar, kuma shirun nan kuskure ne, na ƙara shi a kan na baya. Na tambayi kaina a mota muna dawowa: wanda ke neman ɗan wasa, me zai yi da raƙumi? Abin kallo yake nema, baƙin mutum daga hamada mai dukan fararen fata a kan ƙanƙara. Irin wannan ana cika fili don a gan shi, rabi suna so ya yi duka, rabi suna so a doke shi, mai karɓar kuɗin ƙofa kuwa duk ɗaya ne a wurinsa. Hoton ya riga ya tafi, shi ke nan. Amma in suka kawo na biyu, ka ce a ɗauke ka da kayan wasa kamar kowa.

Yanzu maganar jiki. Bayan abin Sa'idu da kamar shekara biyu gwiwata ta dama ta fara kumbura. Ana saura kwana kaɗan babban wasa, ko matakala ba na iya hawa. Sidi Fu'ad ya kawo wani likita abokinsa, mai fara'a, ya ce allura guda ce, zan tashi kamar ba ni ba. Muna da mai tsaron gida, Bashir, cikin Hausawan Sudan, aminina ne, kwano ɗaya muke ci. Ya ja ni gefe ya ce, "Kada ka yarda, ɗan'uwa. Na ga an yi wa wani a garinmu. Ciwo ɗan aike ne. Allurar nan ba korarsa take ba, toshe masa baki take yi."

Ka san abin da na yi? Bashir yana da ɗan ƙanin uba a ƙungiyar, mai jiran gurbina. Sai zuciya ta ce mini, ga dalili. A gaban jama'a na ce masa, "Ka faɗi gaskiya, so kake in zauna ɗan gidanku ya shiga." Ya ɗauki safar hannunsa ya fita. Na karɓi allura, na buga wasan, ban ji komai ba har aka tashi. Aka sake yi mini, aka sake. Ranar da gwiwar ta tafi gaba ɗaya ba wanda ya taɓa ni, juyawa kawai na yi na faɗi. Likitan mai fara'a bai zo duba ni ba. Bashir ya zo, ya zauna a bakin gado, bai ce ai na gaya maka ba. Ni kuma girman kai ya hana in ba shi haƙuri. Daga baya ya koma Sudan. Na sha tambayar alhazai masu saukowa daga can, ba wanda ya san inda yake.

Kun sha cewa Baba ya cika zargi. Gaskiya ne. Amma ka ga inda na ajiye zargina a lokacin: na ɗora shi a kan mai gaya mini magana mai ɗaci, na buɗe ƙirji ga mai zaƙin baki. Kai ka juya shi. Wanda ya ce maka zauna ka huta, ko da kana ganin yana da wata manufa, ka saurare shi. Wanda ya ce ba komai, yalla, shiga, ka tambayi kanka me zai rasa in ka zauna. Likitan ƙungiya na ƙungiya ne, aikinsa ya tsayar da kai ranar wasa. Ka nemi naka daban, wanda bai san sunan mai ƙungiyar ba.

Kuma ina so ka san na ga hular kwanon da ke cikin jakarka. Na juya ta a hannuna, ko ƙwarzane babu. Sandunanka duk sun sha duka, safar hannunka ta yage, hula kuwa sabuwa fil. Ba ka sa ta. Na tambayi ƙanwarka Zainabu, da yake kun fi hira, ta ce ka gaya mata manyan 'yan wasa ba sa sawa, wanda ya sa ana ce masa matsoraci. Idrisu, ranar Juma'ar da ta wuce ka tambaye ni ƙarfe nawa jirginka zai tashi, na gaya maka, kafin mu kai masallaci ka sake tambaya kamar ba mu yi maganar ba. Na ga yadda kake runtse ido in ka fito rana, na ga kana danne goshi in kana zaton ba mai kallonka. Ka ce zafin Jidda ne. Wataƙila shi ne. Ni dai ban yarda ba. Ni da na rasa gwiwa, na samu sanda na dogara. Wanda ya rasa kai, me zai dogara da shi? Ka sa hular. Su kira ka duk abin da suka ga dama. Masu dariyar ba za su zo su tuna maka sunan 'ya'yanka ba.

Akwai kalmar da ka faɗa muna cin abinci, ka wuce ta kamar ba komai. Ka ce a can ana musayar 'yan wasa, yau kana wannan birni, gobe a ce ka tattara ka koma wancan, ba sai an tambaye ka ba. Cokali ya tsaya mini a hannu. Da gwiwata ta fara ba ni matsala, kafin ta mutu, Sidi Fu'ad ya ba da ni kyauta ga wani abokinsa mai ƙaramar ƙungiya. A bakin mai shayi na ji. Ya ce, "Shakush, ashe ka tashi daga wurin Sidi?" Na yi dariya ina zaton wasa ne. Kuma ban isa in ƙi ba, domin tun farko na miƙa wa Sidi Fu'ad iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, ya ce zai adana mini, zai ma nema mini takardar zama ɗan ƙasa. Ban tambaye shi yaushe ba, don kunya. Kunyar tambaya ta cuce ni fiye da kowane maƙiyi. Sai da na yi ta sintiri a ƙofar ofishinsa da sanda kafin na karɓo abata.

Don haka fasfonka ya kwana a jikinka. Kada ka ba Rolan, kada ka ba ofishinsu, ko da sun ce a akwatin ƙarfe za su sa. Duk abin da za ka sa wa hannu, ka kai wa masanin doka wanda kai ka nemo, ba wanda suka nuna maka ba. In suka ce sauri ake, gobe dama za ta wuce, to nan ne za ka ƙara jan ƙafa. Kuma ka binciko mini abu guda: Rolan, wa yake yi wa aiki? Ya ce mini shi kamar uba yake gare ka a can. Na tambaye shi ta bakinka, in ƙungiya da ɗana suka saɓa, bayan wa za ka bi? Ya ce ba za su saɓa ba. Wannan ba amsa ba ce. Mu nan mun san kafili, mai tsaya wa baƙo a gaban hukuma, mun san akwai na kirki a cikinsu, amma ko na kirkin ba ya ce maka shi ubanka ne.

Saura babban kuskurena, kuma kai ne ka biya shi, ba ni ba.

An gaya maka na ba Baffanka kai ne don bai samu haihuwa ba, kuma don ka yi karatu ka zama injiniya. Haka na gaya wa Ummarka, haka na gaya wa mutane. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Lokacin ina zaune gida da gurguwar ƙafa, raina a ɓace, ba na son jin ko kalmar ƙwallo. Wata rana na leƙa lungu na gan ka kana buga ƙwallon tsumma da yara. Da ƙafar hagu. Ka wuce yaro biyu ka ci, ka juyo kana nema ko na gani. A makon nan jirgin da Isa ke aiki a ciki ya tsaya Jidda, ya ce zai bar teku ya zauna Kanada da matarsa. Ya ba ni labarin ƙasar, ya ce rabin shekara ba a ganin ƙasa, ƙanƙara ta rufe ko'ina. Na ce a raina, alhamdu lillahi, can babu filin ƙwallo.

Ka ga wautar ɗan Adam. Na raba ka da uwarka kana ƙarami don in raba ka da wasa, ashe hannu na kama ka na kai ka inda wasan ya fi na nan haɗari. Ranar da za ku tafi ka riƙe zanen Ummarka a bakin tasha, ni na ɓamɓare yatsunka ɗaya bayan ɗaya. Ta yi shekara ba ta dube ni da fara'a ba, kuma tana da gaskiya. Bayan haka ban taɓa tambayar Isa me kake yi in ka taso makaranta ba. Yakan ce yaro lafiya, karatu lafiya, ni kuma in ce madalla, don ba na son jin abin da zai tayar mini da hankali. Baffanka ba maƙaryaci ba ne, ya riƙe ka tsakani da Allah, ka girmama shi har ƙarshen ransa. Amma mutum ne mai son a ce ɗansa ne a jarida, kuma ya san zan hana, shi ya sa ya yi shiru shekara da shekaru. In ya ba ka shawara a kan wasan nan, ka karɓa da ladabi, sannan ka auna.

Abin da nake so ka ɗauka a nan: kada ka yanke hukunci a kan rayuwar wani don tsoron da ke cikinka, kuma kada ka ɓoye wa naka gaskiya don ka hutar da su. In an ji maka ciwo, mu ji daga bakinka. In sun ajiye ka, ka faɗa. Wasa ba ya tsufa da mutum. Ina tsammanin naku ma kafin furfura ta fito an gama da kai, wani yaro ya karɓi rigar. Karatun gyaran injin da ka fara, ka ci gaba da shi a watannin da ba a wasa. Yanzu jirage sun yi layi a teku suna jiran wurin sauke kaya, mai sanin inji ba zai rasa abin yi a garin nan ba. Ranar da abin ya ƙare, ko ya ƙare da daɗi ko ba daɗi, kada kunya ta riƙe ka a can. Na san 'yan wasan da suka gwammace su lalace a wani gari da su dawo gida ba kirari. Ɗakinka yana nan.

Sallarka kuma, ba sai na tsawaita ba. In ka rasa wuri, ɗakin canza kaya ma ƙasar Allah ce. Abin da za su miƙo maka a kofi bayan an ci wasa, ka san hukuncinsa.

Shekaranjiya ka durƙusa gabana ka ce in sa maka albarka a kan wannan tafiya. Na ce sai na yi tunani, na ga yadda fuskarka ta canza. Niyyata a lokacin in bar ka ka tafi ba tare da ita ba, ko nauyin hakan zai dawo da kai. Jiya bayan sallar asuba na ji ƙwas-ƙwas a saman soro. Na hau a hankali da sandata, na tsaya a bakin matakala. Kai ne, ba takalmi, da sandar wasanka da murfin gwangwani, kana juya shi dama da hagu a kan siminti, kana wuce tukwanen furannin Ummarka kamar mutane ne. Ba Rolan, ba mai ɗaukar hoto, ba mai tafi. Ka daki murfin ya shige cikin bokiti daga nesa, sai ka yi wata 'yar dariya kai kaɗai. Na daɗe a tsaye. Na zargi Baturen, na zargi likitansu tun ban gan shi ba, na zargi ƙanina, kai ma na zarge ka. Wannan dariyar dai na juya ta ta kowane gefe, ban samu abin zargi a cikinta ba.

Na so in yi maka magana a wurin, bakina ya ƙi. To ga shi a rubuce. Na yarda, na sa maka albarka. Je ka yi wasanka.

Allah Ya tsare kanka da ƙashinka. Ya tsare hannunka daga cutar da bawansa. Ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya, Ya ba ka kunnen jin ta. Ya rufe idon mugu daga gare ka, a fili da a masauki, cikin sanyi da cikin taro. Ya dawo mana da kai da ƙafafunka da hankalinka, muna raye ko bayan ranmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ne mahaifinka,
Musa
Ruwais, Jidda